To Yanzu Wane Ne Maigidana?

Ba da jimawa ba bayan an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 18,000 a shekarar 2011, na ɗauki wani fayil na shiga ofishin manajanmu. A lokacin ni ne akanta a reshen Katsina na wani kamfani mai zaman kansa, wanda ba sai na kama sunansa ba. Cikin fayil ɗin akwai sunayen masu gadi, da masu shara, da direbobi, da yaran da ke lodin kaya a sito. Dukkansu ma'aikatan wucin gadi ake kiransu, ko da yake wasunsu sun riga ni zuwa wurin da shekaru. Hedikwata ta turo umarni a rage kashe kuɗi, ni kuma na kawo shawarar abin da na ga bankuna suna yi: a cire sunayen nan daga littafin albashinmu, a miƙa su ga wani kamfanin da sana'arsa ke nan. Shi zai riƙe takardunsu, shi zai biya su, mu namu kawai mu tura masa kuɗi a dunƙule duk ƙarshen wata. Manaja ya duba lissafi, ya ga rarar da za a samu, ya sa hannu. Har takardar yabo aka aiko mini.

Ranar da muka tara su a inuwar bedin da ke bakin ƙofa don yi musu bayani, wakilin sabon kamfanin ya zo da fom-fom da sababbin katunan shaida. Kowa ya yi shiru yana sauraro. Da aka gama, sai wani dattijo mai gadin dare, wanda duk muke kira Baba, ya gyara tsayuwa ya ce, "Malam Akanta, in yi tambaya?"

Na ce, "Bismillah, Baba."

"Aikin dai nan za mu ci gaba da yin shi?"

"Nan ne."

"Ku ne kuma za ku ce mu zo, ku ce mu tashi?"

"Mu ne."

"Amma kuɗin, wani ne za shi biya." Ya ɗan juya katin da ke hannunsa. "To yanzu wane ne maigidana? In wani abu ya same ni, ƙofar wa iyalina za su nufa?"

Na amsa masa da cewa babu abin da ya canza, takarda ce kawai. Ban faɗa don in yaudare shi ba. Haka na ɗauka har cikin raina. Ya ce, "Allah shi sa haka ne," ya dangwala yatsa a fom, ya koma bakin aikinsa.

Baba bai yi boko ba, amma tambayarsa ta fito ne daga wani tsari da ya girme mu duka. A ƙasar Hausa, wanda ya shiga hidimar wani ya san ubangidansa da suna da fuska da ƙofar gida. Baran attajiri ko yaron shago yana iya shekara bai ga tsabar kuɗi a matsayin albashi ba, kuma an cuci mutane da yawa ta wannan hanya, ba zan ɓoye ba. Sai dai gari ya san abin da ke wuyan ubangida: ciyarwa, da suturar salla, da magani in ciwo ya zo, da tsayawa a kan aure da suna, daga ƙarshe a yaye yaro da jari. Ubangidan da ya watsar da baransa a ranar buƙata, maganarsa za a yi ta yi daga Ƙofar Soro har cikin kasuwa. Kunya ce ke tsare haƙƙin, kuma kunya ba ta kama wanda ba a san fuskarsa ba.

Mai shiga tsakani ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Zamanin Turawa ya zo da heluma, wanda kan tara lebura ya kai wa kamfani, kuɗin aiki kuma ya bi ta hannunsa. Mafi munin abin shi ne diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Ingila ta matsu da kuza. Aka tilasta wa dubban talakawan lardunan Arewa zuwa haƙar ma'adinai a Jos, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Kamfanonin kuza ba su shiga ƙauye sun kamo kowa da hannunsu ba. En'e ake ba adadi, ta ba hakimi, hakimi ya ba dagaci. Wanda ya ci moriyar gumin yana can nesa, hannunsa fes. Ba na haɗa ɗan kwantiragin yau da wanda aka ɗebo da ƙarfi. Na yau da ƙafarsa yake zuwa, har da kamun ƙafa kafin ya samu. Abu ɗaya ne ya haɗa su, wato tazarar da aka sa tsakanin mai cin gajiyar aiki da mai ɗaukar alhakin ma'aikaci.

Mu da muka yi wayo a shekarun 1980 mun ga wani yanayi dabam. An kafa Kamfanin Mulmula Ƙarafa a nan Katsina a zamanin Shagari, tare da na Jos da na Oshogbo, kuma samun aiki a can abin a yi wa mutum barka ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, ma'aikata suka kwaso daga Kaduna suka dawo gida, ofisoshi suka buɗe. Masinja ko mai shara a mataki na ɗaya ko na biyu cikakken ma'aikaci ne. Yana da lambar fayil, yana da hutun shekara, yana da ƙarin girma komai ƙanƙantarsa, in ya tsufa yana da fansho. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma da shi aka gina ɗakunan laka da yawa a Sabuwar Unguwa, da shi aka yi karatun 'ya'yan da wasunsu yau likitoci ne.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fito da manufar ba ma'aikata kuɗi a madadin gida da mota da direba, kuma garambawul ɗin da ya biyo baya ya raba ɗimbin ƙananan ma'aikatan tarayya da aikinsu. Shara da gadi da yankan ciyawa suka koma hannun 'yan kwangila a asibitoci da manyan makarantun tarayya. Sau da yawa mutumin da aka sallama shi ne ke dawowa ya ɗauki tsintsiyarsa ta jiya, amma da rigar wani kamfani. A 2004 Gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, gasa ta yi zafi, aka shiga neman inda za a rage. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a ƙarshen 2019, cikin ma'aikatan banki 103,610 da ke ƙasar nan, 45,350 'yan kwantiragi ne. Wato in ka shiga banki a titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, yarinyar da ke ƙirga maka kuɗi a kanta, mai digiri, sanye da kalar bankin, mai yiwuwa ne ba ma'aikaciyar bankin ba ce a takarda. Takan ƙirga miliyoyi kullum, gibi in ya fito ita za ta cika, amma shekara biyar tana nan a matakin da ta shigo.

Wannan shi ne abin da na kwaikwaya, kuma ya kamata in yi wa kaina da masu sana'ar adalci: akwai hujja a ciki. Kamfanin da aikinsa sayar da kaya ne ba dole ya ƙware a lissafin haraji da fansho ba. Akwai ayyukan da na lokaci ne da gaske, kamar lodin taki gab da damina ko ƙarin hannu a lokacin salla, kuma ba laifi ba ne a nemi wanda zai kawo mutane na wata biyu ya biya su. Dokar Ƙwadago ta 1974 ma ta san da haka, domin ma'anar da ta ba mai ɗaukar aiki ta haɗa da wanda ya ɗauki mutum don ya yi wa wani hidima, ta kuma wajabta masa mallakar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago. Kamfanin biyan albashi mai tsoron Allah yana iya fin ƙaramin ɗan kasuwa kyautata wa ma'aikaci, don shi aƙalla zai ba shi takardar albashi ya buɗe masa asusun fansho. Na ga irinsu.

Abin da ban yi ba, kuma a matsayina na akanta ba ni da uzuri a kansa, shi ne in tambayi kaina daga ina rarar take fitowa. Mu yi lissafin da kuɗin yau. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, a cire wa ma'aikaci kashi 8. Dokar biyan diyya ta 2010 ta ce a ba hukumar NSITF kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. A lissafi mai sauƙi, mutum ɗaya zai ci wa kamfani naira 77,700 a wata, ba a sa inshorar rai ba, ba a sa yunifom ba, ba a sa la'adar ɗan kwangila ba, shi kuwa ba don Allah yake yi ba. To in wani ya zo ya ce zai ba ka mai gadi a kan abin da bai kai haka ba, kuma ya ci riba, ai ba sai an yi duba ba. Ko dai albashin ba zai cika ba, ko a cire kashi takwas ɗin a ƙi turawa, ko a manta da inshora, ko a haɗa duka. Mu kuwa da muka tara takardun masu neman kwangilar, wanda ya fi araha muka zaɓa. Rarar da aka yaba mini a kanta daga aljihun Baba ta fito.

Watannin farko lafiya lau. Daga baya alat ya fara jinkiri, kwana biyar, kwana goma, wani lokaci har wata ya raba. Su zo wurina, in buɗe littafi in nuna musu ranar da muka tura kuɗi. In an kira ofishin kamfanin, wanda ba a Katsina yake ba, a ce kuɗin bai iso da wuri ba, ko a ce mai sa hannu ya yi tafiya. A lokacin nakan ce rijiya ta bayar, guga ya hana, in ji sanyi a raina cewa mu ne rijiyar. Sai daga baya na yi wa kaina tambayar da ta dace: wa ya zaɓo gugan? Wani yaron sito da ya yi maganar shiga ƙungiyar ƙwadago, ba mu kore shi ba. Manaja ya ɗaga waya kawai ya ce a canza mana shi, washegari aka turo wani. Babu takardar tuhuma, babu kuɗin sallama, domin a takarda ba mu taɓa ɗaukarsa ba.

Wajen shekara uku da wannan canji, wata safiya cikin hunturu, Baba ya tashi daga gadin dare ya hau kekensa zai koma gida, mota ta buge shi. Ya kwana biyu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Muka je jana'iza, muka yi karo-karo a ofis, aka kai buhun shinkafa da 'yan kuɗi. Bayan matarsa ta fita takaba, sai ga ta a bakin ƙofarmu tare da ƙanen marigayin, riƙe da tsohon katinsa, na kamfaninmu, wanda ya adana tun kafin canji. Ta ce, "Malam, an ce ana ba iyalin ma'aikaci wani abu in ya rasu. Shi ne muka zo gidan da ya yi wa aiki."

Gaskiya aka gaya mata. Dokar fansho, tun ta farkon ta 2004, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Dokar diyya ta 2010 kuma ta ambaci ma'aikacin wucin gadi ƙarara, ta kuma haɗa da hatsarin da ya sami mutum a kan hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Irin mutuwar Baba ce sak doka ta yi wa tanadi. Na zauna na rubuta wa hedikwata, amsa ta zo cewa ba ma'aikacinmu ba ne, a tuntuɓi ɗan kwangila. Na tuntuɓe shi, aka yi ta kai ni ana kawo ni. Da na matsa, sai ta bayyana babu inshorar, ba a kuma taɓa kai sunansa hukumar diyya ba. Asusun fanshonsa da muka bincika, watanni kaɗan na farko ne kawai aka zuba wani abu, alhali duk wata ana cirewa. Kafin shekara ta zagayo kamfaninmu ya soke kwangilar ya ba wani, wancan kuma lambarsa ta daina shiga.

Sau huɗu matar nan ta zo. A zuwan ƙarshe ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, shekara goma sha yana kwana a ƙofar nan. Ni ban san wani gida ba sai wannan." Na rasa abin da zan ce mata, don amsar da ke bakina ita ce wadda na ba mijinta a gindin bedi.

Na yi abin da zan iya daga aljihuna, amma sadaka dabam, haƙƙi dabam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyoyin hana faruwar haka suna nan a gabana, kuma ba su da tsada. Dokar fansho ta ba mai ɗaukar aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin fansho, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba duk wata. Da na sa a yarjejeniya cewa ba za mu biya kuɗin wata ba sai ɗan kwangila ya kawo shaidar tura fanshon watan jiya, da takardar inshora, da ta hukumar diyya, da ko dai ya gyara ko ya gudu tun a wata na biyu. Fayil ɗaya ne da minti goma a wata. Ban yi ba, saboda dalilin miƙa mutanen tun farko shi ne kada in ƙara tunaninsu.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san ijara ba ta inganta sai an san lada an san wa'adi, kuma ɗan islamiyya ma ya san tsananin gargaɗin da ya zo a kan wanda ya ci aikin ɗan ƙodago ya hana shi ladansa. Wakilci halas ne, kana iya wakilta wani ya biya a madadinka. Amma a fahimtata, wanda ya wakilta marar amana, ya kuma kawar da kai da gangan, bai sauke nauyi ba. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu muka ci gadin Baba. Ba a taɓa fasa sitonmu ba yana bakin ƙofa.

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa, ita ma ta fara kallon abin ta wannan fuska. Akwai shari'o'in da ta duba wanda ke ba da umarni a zahiri, ba sunan da ke kan kati ba, ta ɗora alhaki a kan kamfanonin biyu. A 2023 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta tsara aikin kamfanonin samar da ma'aikata, har ta hana su karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki. Duk wannan alheri ne. Sai dai bazawarar da ke bayan Ƙofar Guga ba ta da kuɗin lauya, ba ta ma san da wata kotu a Kano da ke sauraron irin ƙararta ba. Ni ma da nake da ilimin ban nuna mata hanyar ba, don ina tsoron abin da zai biyo baya a wurin aikina. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kansa.

Wani abu da ya faru a jihar nan ya ƙara nuna mini ƙimar tambayar Baba. Gwamnatin Masari ta ɗauki dubban matasa koyarwa a ƙarƙashin shirin S-Power, irin N-Power na tarayya da aka fara a 2016, a kan ɗan alawus ba cikakken albashi ba. Sun sha wahala, sun yi shekaru a haka. Amma sun san ƙofar da za su buga, sun yi ta bugawa, kuma a 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta shirya jarrabawa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 aiki na dindindin, da yawansu daga cikin 'yan shirin. Wucin gadi ne su ma, sai dai maigidansu yana da suna da adireshi, kuma yana buƙatar ƙuri'arsu. Mai sharar da aka rataya a wuyan kamfanin da ba shi da ko ofis a gari, wa zai yi wa zaman dirshan?

Ba na kiran a haramta sana'ar. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki aikin da ba ya ƙarewa, kamar gadi da shara da kanta, a kira shi wucin gadi shekara goma. Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai bayyana wanda ya ɗauke shi da sharuɗɗan aikinsa; ku zagaya ofisoshin garin nan ku tambayi masu gadi nawa ne ke da ita.

Ga 'yan'uwana akantoci da manajoji da ke da irin fayil ɗin nan a kan tebur yau, musamman da sabon albashi ya sa ana ta neman inda za a rage: kada ku biya ɗan kwangila kuɗin watan nan sai kun ga shaidar fanshon watan jiya da takardar inshorar rai mai ɗauke da sunayen mutanenku. Kai kuma ɗan'uwa da ke aiki da katin wani kamfani, ka ɗauki lambar fanshonka ka je ofishin kamfanin da ke riƙe da asusunka, ka ce a buga maka bayanin abin da ya shiga. In ka ga watanni babu komai, ka kai takardar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke nan Katsina, ka kuma ajiye kwafi ɗaya a hannun iyalinka tun kana da rai.